Wanda Ya Ci Ƙarfin Mutum Ya Ɗauki Nauyin Tsufansa

Akwai wani dattijo da na sani a ƙasar Yalwan Damai, ba zan faɗi sunansa ba domin mutum ne mai kunya, yana kuma da 'ya'ya da jikoki. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana tuƙa babbar motar wani attajiri, yana ɗaukar gyaɗa da riɗi da dawa daga kasuwannin Birnin Kudu da Gwaram yana kai wa Kano, wani lokaci har Kurmi. Cikin waɗannan shekaru maigidansa ya sayi mota ta biyu, ya sayi ta uku, ya gina bene, ya sauke farali har ya koma. Ran da idon direban nan ya soma dushewa, har ya kasa rarrabe rami da inuwa bisa titi, sai aka kira shi, aka karɓi makulli, aka ba shi buhun gero ɗaya da turmin shadda, aka ce masa Allah ya saka da alheri. Shi ke nan. Yau in ka bi ta ƙofar gidansa da hantsi sai ka same shi bisa tabarma, yana jiran ɗansa mai acaɓa ya kawo abin cefane, in ya samu.

Da na ba wani abokina wannan labari, sai ya ce, "Ai kuwa maigidan ya kyauta, wani ko buhun geron ba zai bayar ba." To, wannan magana ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mun saba ganin zalunci har mun fara kiransa alheri. Abin da nake so in tabbatar muku, ya ku 'yan'uwa da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, shi ne abincin tsufan ma'aikaci bashi ne a wuyan wanda ya yi wa aiki, kuma wanda ya hana shi ya ci hakki, ko da kuwa ya haɗa da addu'a mai tsawo.

Bari mu fara da ma'anar fensho, gama mutane da yawa sun ɗauka wata kyauta ce da Gwamnati kan yi wa tsofaffin ma'aikatanta don tausayi. Ko kusa ba haka ba ne. Dubi manomi. In kaka ta yi, ba ya cinye amfaninsa duka, sai ya kai wani rumbu domin bazara, ya kuma ware iri, ya hana kowa taɓawa ko da yunwa ta shigo gida. Ma'aikaci ba shi da gonar da ta wuce ƙarfinsa, ƙuruciyarsa ita ce daminarsa, tsufansa kuwa bazara ce wadda ba ta da damina a bayanta. Fensho shi ne rumbunsa. Wani yanki ne na ladan guminsa da ake riƙewa kowane wata a ajiye masa, har ran da gwiwa ta ƙi. Saboda haka in an ba shi, kayansa aka mayar masa.

Kada wani ya ce wannan bidi'ar Turawa ce. Alƙali Abu Yusufu ya kawo labari cikin littafinsa na haraji, cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho makaho, Bayahude, yana bara a ƙofar wani gida. Da ya tambaye shi dalili, ya ji tsufa ne da talauci da nauyin jiziya, sai ya kama hannunsa ya kai shi gida ya ba shi abin da ya samu, kana ya umurci ma'ajin baitulmali ya riƙa kula da shi da ire-irensa, domin a ganinsa ba a yi adalci ba in an ci amfanin mutum yana saurayi aka yar da shi da ya tsufa. A ƙasarmu ma, fatake da attajiran dā sun san wannan. Yaron da ya daɗe yana bauta wa maigida, maigidan shi ke yi masa aure, ya yanka masa gona ko ya ba shi jari ya sallame shi, in kuwa tsufa ya same shi a gidan, tuwonsa ba ya yankewa. Attajirin yau ya riƙe rabin al'adar, watau biyayyar yaro, ya jefar da ɗaya rabin.

Da aikin albashi ya yawaita a duniya, sai hukumomi suka ga ba a barin wannan al'amari ga kirkin maigida kaɗai, tilas a sa shi cikin doka. A Jamus an kafa dokar kuɗin tsufa ta ma'aikata a 1889, zamanin Bismak. A Nijeriya Turawa sun yi dokar fensho a 1951, suka ce ƙarfinta ya fara tun daga 1 ga Janairu 1946, amma ma'aikatan Gwamnati ta shafa. A 1961 aka kafa asusun tanadi na ƙasa domin ma'aikatan kamfanoni. A 1979 aka yi wata doka, lamba 102, wadda ta tattara sha'anin fenshon ma'aikatan Gwamnati wuri ɗaya. Aibin wannan tsohon tsari shi ne ba a ajiye kome. Gwamnati takan yi alkawari ne kawai, in mutum ya bar aiki a nemo kuɗinsa cikin kasafin shekara. Rumbu ne aka gina ba a zuba hatsi ba. Da masu barin aiki suka yi yawa sai asiri ya tonu, bashi ya taru, tsofaffi suka riƙa kwana a bakin ofisoshi ana tantance su, waɗansu har suka faɗi a kan layi ba su tashi ba.

Wannan abin kunya ne ya jawo gyaran 2004, zamanin Shugaba Obasanjo, sa'ad da aka kafa Hukumar Fensho ta Ƙasa, wadda ake kira PenCom. Aka ce daga yau kowane ma'aikaci ya buɗe asusu da sunansa da lambarsa, shi ya zuba kashi 7 da rabi cikin 100 na albashinsa, mai aikin ya zuba kamar haka. A 2014, zamanin Shugaba Jonatan, aka sake dokar, aka mai da na ma'aikaci kashi 8, na mai aiki kashi 10. Ku riƙe abin da wannan doka ta ce, gama makaminku ne. Duk mai ma'aikata 15 ko fiye, tilas ne a kansa, ko kamfani ne ko makaranta ko gidan mai. Tilas ya kai kuɗin kafin kwana 7 na aiki su cika daga ranar da ya biya albashi, in ya yi jinkiri akwai tara wadda ba ta kasa kashi 2 cikin 100 na abin da ya riƙe ba, kowane wata. Tilas kuma ya yi wa ma'aikatansa inshorar rai, yadda in mutum ya rasu yana bakin aiki magadansa za su sami aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara. Asusun na ma'aikaci ne, in ya sake wurin aiki yana tafiya da abinsa. In ya rasa aiki ya yi wata 4 bai sami wani ba, yana iya karɓar rubu'in abin da ya taru. Sauran kuwa sai ya bar aiki, shekarunsa kuma sun kai 50.

Mu a Jigawa muna da abin alfahari a wannan fage. Jihar da aka yanka daga Kano ran 27 ga Agusta 1991, ita ce tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki ta kafa asusun karo-karo domin ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, ma'aikaci ya ba da kashi 8, Gwamnati ta ba da kashi 17. Bambancinsa da na Tarayya shi ne kuɗin wuri ɗaya ake tara su, a biya kowa gwargwadon albashinsa da shekarun da ya yi yana aiki. Sa'ad da tsofaffin waɗansu jihohi ke zanga-zanga saboda bashin shekaru, jihohi da dama sun aiko wakilai Dutse su ga yadda ake yi. Amma kada yabo ya rufe mana ido. Irin wannan asusu yana kama da rijiya, in masu ɗiba suka fi idon ruwa ƙarfi sai ta ja baya. Da masu barin aiki suka yawaita, sababbin ɗauka suka yi ƙaranci, sai asusun ya raunana, har gwamnatin Malam Umar Namadi, wadda ta hau a 2023, ta zuba biliyoyin naira don ta tallafe shi. Wannan ya nuna ko rumbun da aka gina da kyau yana bukatar mai leƙawa.

To, yanzu ku zo mu tsaya a bakin hanya a Birnin Kudu da safe, mu dubi masu wucewa zuwa aiki. Ga ma'aikacin babban asibitin Tarayya, yana da asusu da sunansa. Ga malamin firamare na ƙaramar hukuma, yana cikin asusun jiha. Ga kuma malamar makarantar kuɗi, da yaron gidan mai, da mai gadi, da direban tirela, da mai aikin injin casar shinkafa, da yaron shago. Dukansu asuba ɗaya ta tashe su, rana ɗaya za ta dake su, furfura ɗaya ke jiransu. Biyun farko suna da rumbu, mafi yawan sauran ba su da ko ƙwarya. A 2024 kuɗin da suka taru a asusun fensho na ƙasa sun haura naira tiriliyan 20, watau miliyan sau miliyan har sau 20, amma masu asusun miliyan 10 ne da 'yan kai, cikin ƙasar da mutanenta suka wuce miliyan 200. Ina sauran? Suna nan, su ne za su zauna bisa tabarma irin ta dattijon Yalwan Damai.

Na san abin da mai aiki zai ce, gama na sha ji. Zai ce, "Kasuwa ba ta tafiya, albashin ma da ƙyar nake biya, ina na ga kashi 10?" To, mu yi lissafi, tun da yanzu kun iya. A ce albashin yaronka naira 70,000 ne, watau mafi ƙarancin albashi da Gwamnatin Tarayya ta yanka a 2024, a ce kuma duka ake lissafawa. Rabonsa naira 5,600, rabonka naira 7,000, jimla 12,600 a wata, 151,200 a shekara. In ya yi maka shekara 30, ko ba a ƙara masa kwabo ba, ko kuɗin ba su haifi kome ba, zai tashi da naira 4,536,000, cikinsu 2,520,000 daga hannunka suka fito. Naira 7,000 a wata ba ta kai 250 a yini ba. Wanda ya iya zuba wa mota baƙin mai kan lokaci, ya sake mata taya don kada ta lalace, ya ce ba shi da 250 domin mutumin da ke tuƙa ta, ya nuna mana ƙarfe ya fi ɗan Adam daraja a wurinsa. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. In kuwa sana'arka ba ta tsayawa sai da cin tsufan mutane, to, ribar da kake ƙirgawa ba taka ba ce duka.

Wanda ya fi wannan laifi shi ne mai yanke kashi 8 daga albashin ma'aikaci, ya rubuta a takarda an yanke, sa'an nan ya ƙi kai wa, ya juya kuɗin cikin kasuwancinsa. Wannan ba shi da wani suna sai ɓarawo, ko da rawaninsa ya kai girman faifai. Haka kuma mai riƙe mutane shekara da shekaru da sunan 'yan wucin gadi, ba takardar ɗauka, ba suna a littafi, don kada doka ta gan su.

Wani kuma zai ce, "Ni yarana huɗu ne, dokar ba ta hau kaina ba." Hakkin mutum ba ya jiran adadi ya cika 15. Ƙofa kuwa a buɗe take, domin a watan Maris na 2019 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da ƙaramin fensho saboda masu sana'ar hannu da ƙananan wuraren aiki: tela, makaniki, mai shayi, ɗan acaɓa, mai ƙosai. Mutum ya zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako-mako ko wata-wata. Sa'ad da aka buɗe shi, an yarda mutum ya ciri kashi 40 in bukata ta taso, kashi 60 a kulle sai tsufa. Daga baya an gyara waɗansu ƙa'idojinsa, amma hanyar tana nan. Maigidan kirki sai ya kai yaronsa a buɗe masa, ya ce, "In ka zuba ɗari, ni ma in zuba ɗari." Da yayyafi kogi kan cika.

Yanzu kuma in juyo kanku, ma'aikata, gama ba duka laifin ke wuyan masu gida ba. Akwai mai cewa, "Gobe ta Allah ce, wa ya san zai kai tsufa?" Gaskiya ne, gobe ta Allah ce. Amma Annabi Yusufu, da ya san shekara bakwai na yunwa suna tafe, tara hatsi ya sa aka yi cikin shekara bakwai na ƙoshi, kuma ba wanda ya fi shi dogara ga Allah a Masar. In ma ba ka kai tsufa ba, kuɗin na magadanka ne, marayunka su samu. Akwai mai cewa, "'Ya'yana za su riƙe ni." Allah ya sa. Amma dubi yadda zamani ya juya. Gonar gandu an raba ta har ta zama kamar tabarma, samari sun tafi ci-rani Kano da Abuja da Ikko, kowa da nasa nauyi. Ɗa na kirki zai riƙe ubansa, uba na kirki kuma ba ya so ya zama dalilin da za a fid da jikansa daga makaranta.

Akwai mai gudun riba, wannan kuwa tsoro ne mai kyau, ba na raina shi. Amsarsa ita ce a 2021 Hukumar Fensho ta buɗe asusu marar kuɗin ruwa, wanda ake kira Asusu na Shida, inda ake juya kuɗi ta hanyoyin da suka dace da Shari'a, kamar takardun sukuk waɗanda Gwamnatin Tarayya ta fara sayarwa a 2017 don gina hanyoyi. Mai so sai ya nemi a mai da shi can. Uzuri ya ƙare.

Sai mai cewa, "Ɓarayi za su cinye." Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba mu manta ba, a Nuwamba 2021 kotun Tarayya a Abuja ta ɗaure Abdulrashid Maina shekara 8 saboda kuɗin da suka kai kimanin naira biliyan 2, shi da aka naɗa don ya gyara sha'anin fensho. Amma ku lura, wannan ɓarna a tsohon tsari ta auku, inda kuɗi ke kwance cikin ofis, sunayen matattu da na ƙarya suna karɓa. A sabon tsari an raba aikin biyu: kamfanin da ke juya kuɗin ba shi ke riƙe su ba, wani ma'aji dabam ke riƙewa, Hukuma tana duba su duka. Kai kuma ana aiko maka da bayanin abin da ya shiga, in ba ka gamsu da kamfaninka ba kana iya sauya shi sau ɗaya a shekara. Ban ce ƙofar sata ta toshe ɗungum ba, amma ɓarawo ya fi son gidan da mai shi ba ya ƙirga awakinsa.

Magana ɗaya ce zan sallama, ita ce ta tsadar kaya. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 farashi ya yi tashin gwauron zabo, har a Disamba 2024 hauhawarsa ta wuce kashi 34 cikin 100 a shekara. Naira da ka ajiye bana ba za ta sayi abin da ta saya bara ba, tsofaffi masu karɓar fensho kuwa su suka fi kowa jin jiki. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 173 da na 210, ya ce a riƙa duba fenshon ma'aikatan Gwamnati kowace shekara 5, ko duk sa'ad da aka duba albashi. Kamata ya yi ƙungiyoyin ƙwadago su riƙa tuna wa mahukunta wannan, ba dare ba rana. Amma tsada ba hujjar barin tanadi ba ce, gama kuɗin da ke ƙarƙashin matashi sun fi saurin narkewa bisa waɗanda ake juyawa. Abin da hankali ya nuna shi ne tukunya ba ta zama bisa dutse ɗaya. Ka sa fensho dutse na farko, gona ko kiwo ko wata sana'a na biyu, tarbiyyar 'ya'ya da zumunci na uku.

Ya kai mai karatu, ga inda karatunka zai yi maka rana. Dā ana miƙo maka takarda ka dangwala yatsa ba ka san abin da ke ciki ba, yau kuwa idonka ya buɗe. In an biya ka, nemi takardar albashi ka karanta. Tambayi mai aikinka cikin ladabi: nawa aka yanke mini, nawa aka ƙara, wane kamfani aka kai, ina lambata? In wata uku sun wuce ba ka ga kome ya shiga ba, ku haɗu ku rubuta wa Hukumar Fensho, ku ajiye kwafin wasiƙar. Ka rubuta sunan magajinka daidai, ka gaya wa iyalinka inda takardun suke. Ka kuma karanta wa maƙwabcinka da bai shiga aji ba tukuna. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, maigidan da ya fusata don an tambaye shi hakki ya riga ya ba da amsa.

Ku kuma attajirai da masu makarantu da masu motoci na Birnin Kudu da Gwaram da Sara, ku tuna ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ke buɗe muku shago yau, ku fara yi masa tanadi a wannan wata. Dattijon nan na Yalwan Damai nasa ya riga ya wuce, sai dai in tsohon maigidansa ya ji wannan ya tuna akwai ranar hisabi, ya aika masa da abin da ya rage a wuyansa tun suna da rai su biyu. Allah ya sa mu gama da duniya lafiya, ya tsare mu daga cin gumin wani, amin.